Bangon Gidan Wasa: Inda Zanen Zamani Ya Fara Samun 'Yan Kallo a Nijeriya

Kafin 1960, mai zanen zamani a Nijeriya yana iya samun malami, ya samu fenti da buroshi, wani lokaci har ya samu mai saye, amma 'yan kallo sun yi masa ƙaranci. Aina Onabolu, wanda ake ɗauka uban wannan sana'a a ƙasar, hotunan manyan mutanen Legas ya fi zanawa, irin waɗannan hotuna kuwa a falon masu su suke ƙarewa, sai wanda aka yi wa iso ke ganinsu. Ɗaliban da Baturen nan Kenneth Murray ya koyar, cikinsu har da Ben Enwonwu, a Landan aka baje ayyukansu a 1937, nesa da idon mutanen garuruwansu. Gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952 da na Legas da ya biyo baya a 1957 an gina su ne domin kayan da, kawunan yumɓu na Nok da tagullar Ife da Benin. Mai zanen da ke raye sai dai a ɗan sam masa wuri jefi-jefi. Ga shi kuma babu wata al'ada a ƙasar da ta ce mutum ya yi wanka, ya sa riga, ya nufi wani gini domin kawai ya tsaya gaban bango yana kallon hoto. Sassaƙa da saƙa da zanen gini da aka gada duk a cikin hidimar rayuwa ake ganinsu, a fada, a kasuwa, a wurin biki, a jikin mutum. Abin da tarihin shekarun da suka biyo bayan 'yancin kai ya nuna shi ne, zanen zamani ya fara samun jama'ar gari ne a ƙofar gidan wasan kwaikwayo, a bangon da mutane ke bi ta gabansa kafin su kai wurin zama. Hakan kuwa bai taɓa yiwuwa ba sai inda abu biyu suka haɗu: dandamali yana aiki, bangon kuma ana sauke abin da ke kansa ana rataya sabo.

Akwai dalilin da ya sa gidan wasa ya dace da wannan aiki. Tun tsakiyar shekarun 1940 Hubert Ogunde ke yawo da tawagarsa gari-gari, har Arewa, kuma ya tabbatar da cewa talaka zai zaro kuɗinsa ya yanki tikiti domin ya ga wasa da harshensa. Wato wasan kwaikwayo ya riga ya mallaki abin da zane ya rasa, taron mutane masu zuwa da ƙafarsu ba tare da an roƙe su ba. Bayan taron kuma akwai jira. Ba a ɗaga labule da zarar an buɗe ƙofa. Akwai tsayuwar jiran abokin tafiya, akwai hutun tsakiya, akwai cirko-cirkon bayan an tashi ana gardama kan abin da aka gani. A waɗannan 'yan mintoci ido ba shi da aikin yi, abin da ke bango shi zai kalla. Sannan gidan wasa ba ya tafiya sai da masu aikin hannu. Sai an zana labulen baya, an yi takardar talla, an ɗinka sutura, an sassaƙa abin rufe fuska, an haɗa fitilu. Mai zane ɗan gida ne a can tun kafin wani ya yi tunanin rataya aikinsa a zaure.

Wurin da aka fara gwada abin da gangan shi ne kulob ɗin Mbari da aka buɗe a Ibadan a 1961. Marubuta ne da masu zane suka kafa shi, irin su Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo da Ezekiel Mphahlele ɗan Afirka ta Kudu da Bajamushe Ulli Beier, Chinua Achebe kuma shi ya raɗa masa suna. Yawancinsu 'yan jami'a ne, amma ba a harabar jami'a suka kafa shi ba. Wani gidan abinci na 'yan Labanan suka samu a unguwar kasuwar Dugbe, tsakiyar hayaniyar gari, suka mai da farfajiyarsa dandalin wasa a sarari, suka ware ɗaki domin littattafai da wurin baje zane. A farfajiyar aka yi wasu daga cikin wasannin farko-farko na Clark da Soyinka. Waɗanda suka fara cika bangon kuwa samari biyu ne da suka fito daga Zariya, Uche Okeke da Demas Nwoko. A kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, su biyun da abokansu irin su Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a 1958, suna cewa ba za su tsaya ga kwaikwayon abin da malamansu Turawa suka kawo daga Ingila ba, za su haɗa dabarun da suka koya da zanen da suka tarar a gidajen iyayensu. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Tunanin a Zariya aka haife shi, amma a ajin makaranta; a Dugbe ya riƙa haɗuwa da mutanen da ba malamai ba kuma ba ɗalibai ba.

Da a ce an bar ayyukan Okeke da Nwoko a bangon nan shekara da shekaru, da Mbari ba ta wuce gidan shaƙatawa mai ado ba. Sai aka riƙa saukewa ana sauyawa. Cikin 'yan shekaru kaɗan an baje aikin Malangatana daga Mozambik, da na masassaƙi Vincent Kofi daga Ghana, da na Skunder Boghossian daga Habasha, da na Jacob Lawrence, baƙar fatar Amurka da ya zana tarihin ƙaurar 'yan uwansa daga kudancin ƙasar zuwa arewacinta, wanda ya zo da kansa a 1962 ya kuma dawo ya zauna watanni a 1964. Har da na Karl Schmidt-Rottluff na Jamus aka rataya. Saurayin da ke zuwa kallon wasa a Ibadan a wancan lokaci, ba fasfo ba kuɗin jirgi, ya ga abin da ake yi a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, kuma ya gan shi bi da bi, ta yadda zai iya auna wannan da wancan. Da irin wannan awo ne ɗan kallo ke zama mai sanin abin da yake kallo, kuma sauyawa ce kaɗai ke samar da shi. Bangon da ba ya sauyawa kamar kalandar bara yake, tana rataye a ɗaki amma ba mai ɗaga kai ya dube ta.

Cikin baƙin Mbari akwai wanda labarinsa zai fi shiga zuciyar mai karatun Hausa, wato Ibrahim El-Salahi na Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne, kuma a kan allo ya fara riƙe alƙalami. Ya tafi Landan ya yi karatun zane a makarantar Slade, ya dawo gida a 1957 da irin hotunan da aka koya masa, ya baje su a Khartum, mutanen gari suka ƙi kulawa. Bai zargi jama'a da jahilci ba. Ya duba abin da suke ratayewa a gidajensu da son ransu, ya ga rubutun Larabci ne da zayyanar allo, sai ya koma can, ya riƙa jan harafi yana lanƙwasa shi har ya rikiɗe ya zama fuska, ko tsuntsu, ko jinjirin wata. Wannan sabon aikin aka baje a Mbari a 1961, kulob ɗin kuma ya buga ɗan littafin zane-zanensa a shekarar da ta biyo. Masu zanen Nijeriya da ke neman hanyar fita daga inuwar Turai sun ga wani ya riga ya samu tasa hanyar daga tawada da alƙalamin kara, kuma daga baya an ga tasirin layinsa a aikin Obiora Udechukwu na Nsukka. Babban gidan zanen zamani na Landan, Tate Modern, bai shirya wa El-Salahi baje kolin ayyukan rayuwarsa ba sai a 2013. Bangon wani gidan wasa a gefen kasuwa ya riga shi da shekara 52.

Amma hujja mafi ƙarfi tana Oshogbo. Duro Ladipo malamin makaranta ne kuma mai tsara waƙoƙin coci, wanda ya samu saɓani da shugabannin cocinsa saboda ya shigar da gangunan gargajiya cikin ibada. Ya ga abin da ake yi a Ibadan, ya ce zai yi irinsa a garinsu. A 1962 ya mai da mashayarsa da farfajiyar gidansu cibiyar da aka kira Mbari Mbayo, da taimakon Beier. A nan ya shirya Oba Koso, wasan da ke ba da labarin Shango, tsohon sarkin Oyo, wanda shi da kansa yake fitowa a matsayin sarkin, kuma wasan ya kai har bikin Barlin a 1964 da bikin ƙasashen renon Ingila a 1965. Oshogbo a lokacin ba ta da jami'a. 'Yan kallon Ladipo 'yan kasuwa ne da makaɗa da masu sana'ar hannu da yaran makaranta, kuma su ne ke wucewa ta gaban hotunan da ake kawowa daga Ibadan da wasu ƙasashe. Daga nan aka fara shirya bita ta 'yan kwanaki ga duk mai so. Denis Williams ɗan Guyana ya jagoranci na farko-farko, sannan a 1964 Georgina Beier, wadda ta zauna a Zariya tun 1959 kafin ta koma kudu, ta jagoranci wadda ta fi shahara. Ba ta tsaya koyar da ƙa'idojin makarantar Turai ba. Takarda da fenti mai araha aka ba mahalarta, aka bar su.

A dubi su waye suka fito daga waɗannan bitoci. Jacob Afolabi mai sayar da abin sha ne a mashayar Ladipo. Rufus Ogundele da Adebisi Fabunmi 'yan wasa ne a tawagar. Muraina Oyelami makaɗi ne kuma ɗan wasa. Jimoh Buraimoh ma'aikacin lantarki ne, shi ke haɗa waya da saita fitilun dandamali. Daga baya ya ƙirƙiro salon da aka san shi da shi, inda yake jera ƙananan duwatsun ado a zare, ya shafa gam a allon katako, ya riƙa kwantar da zaren layi bayan layi har hoto ya tashi, dabarar da ya ɗauko daga hulunan sarautar Yarabawa. Taiwo Olaniyi, wanda duniya ta sani da Twins Seven Seven, ɗan rawa ne da ke yi wa masu tallar magani rawa domin tara jama'a, ya faɗo wani taro a cibiyar ba gayyata, rawarsa ta sa aka riƙe shi. Shi ne wanda hukumar UNESCO ta naɗa jakadan zaman lafiya ta fuskar fasaha a 2005. Babu ko ɗaya cikinsu da ya shiga gidan da niyyar zama mai zane. Wasa ko aiki ya kawo su, suka daɗe suna ganin hotuna suna zuwa suna tafiya a bangon da suke jingina da shi, har abin ya daina yi musu kama da sana'ar wasu mutane na daban. Da aka miƙa musu buroshi ba su ji tsoronsa ba. Bayan ɗan lokaci ayyukansu ne a bangon, 'yan uwansu da maƙwabtansu kuma su ne 'yan kallo.

Mai suka zai ce wanda ya zo kallon wasa ba zane ya zo gani ba. Yana wucewa ne da hankalinsa a kan wurin zama, kuma wulaƙanci ne ga aikin da aka yi wata guda ana yi a ce kallon minti biyu zai samu a cikin turereniya. Gaskiya ne cewa zaure ba ya ba da natsuwar da gidan zane ke bayarwa. Amma wannan suka ta ɗauka cewa mutumin yana da zaɓi tsakanin kallon gaggawa da kallon natsuwa, alhali a Ibadan da Oshogbo na 1962 zaɓinsa tsakanin kallon gaggawa ne da rashin gani kwata-kwata. Kuma ɗan kallon wasa mai dawowa ne. Wanda ya ga hoto sau huɗu a wata guda, minti biyu-biyu, ya fi saninsa a kan wanda aka kai shi gidan tarihi sau ɗaya a rayuwarsa cikin layin 'yan makaranta. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, in dai an ba shi abin da zai gwada.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba ta kauce wa gaskiya ba. Kuɗin da aka tafiyar da Mbari da shi daga wata ƙungiyar al'adu mai hedikwata a Paris ya fito, wadda a 1966 da 1967 aka tona cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ce ke ba ta kuɗi a ɓoye, a matsayin wani ɓangare na yaƙin cacar baka. Beier ne ya fi kowa zaɓen abin da za a rataya, kuma yana da irin abin da yake so: ya fi ƙaunar aikin wanda bai shiga makarantar zane ba. Masu sayen ayyukan Oshogbo yawancinsu Turawa ne mazauna Legas da Ibadan, waɗanda ke ganinsu a cibiyar Goethe ta Jamusawa ko a gidajen ma'aikatan ƙasashen waje. Masu zane da suka yi jami'a sun daɗe suna cewa an ƙera salon Oshogbo ne daidai da abin da Bature ke so ya gani daga Afirka, aljannu da dodanni da tatsuniya. Duk wannan ya faru. Sai dai sukar ta shafi wanda ya biya da wanda ya zaɓa da wanda ya saya. Ba ta taɓa batun wanda ya gani ba. Kuɗin Paris bai sayi ƙafafun matan kasuwar Oshogbo ba, gangar Ladipo ce ta kawo su. Abin da ya faru bayan tafiyar baƙin shi ne ma'auni. Beier da matarsa Georgina sun bar Nijeriya a 1966, yaƙin basasa ya tarwatsa Mbari ta Ibadan, Okigbo ya mutu a fagen daga a 1967, Ladipo ya rasu a 1978. Amma masu zanen Oshogbo sun ci gaba da aiki shekaru da dama, sun koyar da yara, kuma daga cikin wannan da'ira Nike Davies-Okundaye ta fito, wadda ta buɗe cibiyar koyar da rini da zane a Oshogbo a 1983, daga baya ta gina babban gidan zane a Legas. Abin da aka dasa domin faranta wa baƙo kaɗai ba ya rayuwa haka bayan baƙon ya tafi.

Ba a Oshogbo abin ya tsaya ba. A 1968 Jami'ar Ife ta buɗe cibiyar Ori Olokun a wani tsohon otal a cikin gari, inda Ola Rotimi ke shirya wasanninsa, Solomon Wangboje, wanda shi ma a Zariya ya yi karatu, yana koyar da buga zane a gefe. A can Johannesburg kuwa, gidan wasan Market da aka buɗe a 1976 a tsohuwar kasuwar 'ya'yan itace ya ware wurin baje zane da hotunan kyamara, a zamanin da dokar wariyar launin fata ta hana baƙi da farare haɗuwa a yawancin wurare. A ƙarƙashin inuwar gidan David Goldblatt ya kafa makarantar ɗaukar hoto a 1989. A duk wuraren nan tsarin ɗaya ne, ƙaramin gini a inda mutane ke zirga-zirga, wasa a kai a kai, bango mai sauyawa.

Sai gwamnati ta shigo da kuɗin man fetur. An fara ginin Babban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a Iganmu, Legas, a zamanin Janar Gowon, aka kammala shi a 1976 a zamanin Janar Obasanjo, domin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, bikin da aka yi babban hawan dabarsa a Kaduna. Wani kamfanin Balgeriya ya gina shi a kan fasalin wani zauren wasanni da ke birnin Varna. Babban ɗakinsa yana ɗaukar mutum 5,000, ga ɗakunan silima biyu, ga ɗakin taro, ga ɗakunan baje koli, an kuma ƙawata shi da ayyukan manyan masu fasaha irin su Erhabor Emokpae. A cikinsa aka ajiye tarin zanen zamani na ƙasa, ayyukan su Onabolu da Akinola Lasekan da Enwonwu da 'yan Zariya. A takarda, wannan shi ne burin Mbari ya cika: dandamali da zane a ƙarƙashin rufi ɗaya, da sunan ƙasa baki ɗaya. Kuma a shekarun 1980, lokacin da fina-finan Ogunde da na sauran Yarabawa ke cika ɗakunan, masu zane sun amfana da taron.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa haɗa su a gini ɗaya bai isa ba. Iganmu fadama ce da manyan tituna suka kewaye, ba wurin da mutum zai ratsa a hanyarsa ta kasuwa ba; sai wanda ya yi niyya zai je. Tarin zanen na dindindin ne, abin da ka gani bara shi za ka gani bana. Da aka rufe babban ɗakin a farkon shekarun 1990, rufi ya fara yoyo, wuta da na'urar sanyaya ɗaki suka zama sai an yi sa'a, sai taron ya janye, hotunan suka zauna a ɗakinsu suna jiran baƙon da ba ya zuwa. An kafa hukumar kula da zane ta ƙasa da doka a 1993, amma ta shafe fiye da shekara 20 ba ta da ginin baje kolin kanta a Abuja. A 2001 ma gwamnati ta yi yunƙurin sayar da gidan wasan, sai da 'yan wasa da marubuta suka tayar da jijiyar wuya. Gidan Ladipo da bai kai girman ɗaya daga cikin barandojin Iganmu ba ya haifi masu zane da sunansu ya zaga duniya. Da wuya a ambaci wani salon zane da za a ce a Iganmu aka haife shi.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a sallama wa masu goyon bayan gidan adanawa, domin a nan sun fi gaskiya. Baje koli mai sauyawa ba ya ajiye tarihi. An sauke hoto, an sayar, ya tafi. In ba wanda ya rubuta sunansa da ranar da aka rataya shi, shi ke nan. Abin da aka sani game da nune-nunen Mbari ya tsira ne saboda Beier da abokansa suna rubutu a mujallar Black Orpheus da aka kafa a 1957, suna kuma buga ƙananan littattafan zane. Ayyukan kansu da yawa sun bi masu sayensu zuwa ƙetare. Mai son ganin tarin ayyukan farko na Oshogbo a yau, ɗaya daga cikin wuraren da zai nufa shi ne Iwalewahaus a garin Bayreuth na Jamus, cibiyar da Beier ya kafa a 1981. Da aka tashi shirya babban baje koli kan Jacob Lawrence da Mbari a 2022, a jihar Virginia ta Amurka aka buɗe shi. Zaure kuma ba ya kare takarda daga ƙura da danshi da hannun masu taɓawa. Saboda haka bangon gidan wasa ba zai maye gurbin gidan adanawa ba, kuma ƙasar da ta dogara da shi kaɗai za ta wayi gari tana aron tarihinta daga hannun wasu. Aikinsu ne ya bambanta. Ɗaya yana tara 'yan kallo yana fito da sabbin hannaye, ɗaya yana ajiye abin da ya cancanci ajiya, kuma kuskuren Iganmu shi ne an ɗora wa zaure aikin rumbu, aka rasa duka biyun.

'Yan kasuwa sun gane abin da hukuma ta manta. Terra Kulture da Bolanle Austen-Peters ta kafa a Legas a farkon shekarun 2000 ta haɗa gidan abinci da kantin littattafai da ɗakin baje zane da dandamali, kuma wasan ƙarshen mako shi ke kawo mutanen da ke tsayawa gaban hotuna. Gidan Iganmu ma an miƙa gyaransa ga Babban Bankin Nijeriya da kwamitin shugabannin bankuna a 2020, aka sa masa sunan Wole Soyinka a 2024, wato sunan ɗaya daga cikin samarin da suka fara abin a Dugbe. Ko gyaran zai yi amfani ga masu zane ya danganta ne da yawan dararen da za a kunna fitilun dandamali a shekara, da kuma ko za a naɗa wanda aikinsa shi ne ya sauke ya rataya.

Arewa, inda tunanin 'yan Zariya ya tsiro, tana da duk kayan haɗin. A harabar Jami'ar Ahmadu Bello akwai gidan wasan da aka gina da ƙasa a tsakiyar shekarun 1970 a kan fasalin gidan Bahaushe, wanda Ba'amurke Steven Ehrlich ya tsara, magina na gargajiya suka ɗora, kuma a jami'ar ne sashen koyar da zane da ya yaye su Okeke yake har yau. A Kano akwai Gidan Dan Hausa da Gidan Makama, akwai ɗakunan taro na gwamnati a kowace hedikwatar jiha, akwai ɗimbin jama'a da fina-finan Hausa suka saba wa da kallo. Masu aikin ma suna nan, daga ɗaliban zane da masu ɗaukar hoto har zuwa masu zayyanar allo da marinan Ƙofar Mata da dukawa da masu ɗinkin hula, kuma tarihin El-Salahi ya isa amsa ga mai cewa jama'ar nan ba za su tsaya kallon abin da ke bango ba. Hukumomin tarihi da al'adu na jihohi da shugabannin sassan wasan kwaikwayo ba sa bukatar sabon gini domin wannan. Su ware bango ɗaya a hanyar shiga, su sa masa fitila, su tsayar da cewa duk wata biyu za a sauya abin da ke kansa, a fara da masu zanen garin kafin a gayyato na maƙwabta. Su kuma ajiye rajista da za a riƙa rubuta sunan mai aiki da sunan aikin da ranar da aka rataya shi, tare da hotonsa, domin kada nan da shekara 50 jikokinmu su je Jamus neman abin da aka yi a Kano.